Tikitin Umara daga Kano: a saya yanzu ko a dakata farashi ya sauko?

Malamin Sakandare ya rubuta:

Assalamu alaikum warahmatullah. 'Yan'uwa, ina neman shawarar waɗanda suka saba da harkar jirgin sama. Ni da ƙanwata mun yi niyyar kai mahaifiyarmu Umara, mu uku ke nan, kuma daga Kano muke so mu tashi. Shekarunta sun haura saba'in, tana fama da ciwon gwiwa, ba ta kuma taɓa hawa jirgi ba. Kuɗin tafiyar mun shafe kusan shekara biyu muna tara su, wani ɓangare ta adashi, wani daga albashi, saboda haka duk abin da za a iya ragewa a kuɗin tikiti yana da muhimmanci a wurinmu, domin shi ne zai koma wajen masauki da guzuri.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a rana guda na shiga ofisoshi uku na masu sayar da tikiti, kowa ya ba ni farashi dabam, alhali ranar tafiya ɗaya na tambaye su. Na zaɓi mafi sauƙin, na ce zan yi shawara da gida. Da na koma bayan kwana biyu sai ejan ɗin ya duba kwamfutarsa ya ce waɗancan kujerun sun ƙare, farashi ya hau. Na tambaye shi ko jirgin ya cika ne, ya ce a'a, akwai kujeru da yawa. To idan akwai kujeru, waɗanne ne suka ƙare?

Da dare kuma ƙanwata ta duba a wayarta, ta ga wani farashi da ya fi duka ukun sauƙi, sai dai za a yada zango a wata ƙasa a yi jira mai tsawo. Ina so in san lokacin da ya fi dacewa a sayi tikiti, da ko ya fi aminci in saya da kaina ta intanet ko ta hannun ejan. Mahaifiyar tamu ta fi son goman ƙarshe na Ramadan, ni kuma ina tsoron abin da muka tara ba zai kai ba. Allah ya saka da alheri.

Tsohon Mai Yankar Tikiti ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya karɓi niyya, ya sa albarka a wannan hidima. Na yi shekaru ina aikin yankar tikiti kafin in bari, kuma zan fara da tambayarka ta kujeru, domin ejan ɗin nan bai yi maka ƙarya ba, bayanin ne bai cika maka ba.

Kujerun ɓangaren talakawa, wanda ake kira ikonomi, a ido duk iri ɗaya ne, abincinsu ɗaya, lokacin saukarsu ɗaya. Amma a kwamfutar kamfani an kasa su kashi-kashi, kowane kashi da harafinsa da farashinsa da sharuɗɗansa, kamar yadda mai tumatir yake kasa kayansa, sai dai a nan duk kashin girmansu ɗaya, kuɗin ne kawai ya bambanta. Harafin Y shi ne galibi mafi tsada a wannan ɓangare, ragowar haruffan kuwa kowane kamfani da yadda ya jera nasa. Idan kujerun da aka ware wa kashi mai araha suka ƙare, ko kuma kwamfutar ta lura ana rububin wannan rana ta rufe shi da kanta, sai kashin da ke samansa ya bayyana, ko da rabin jirgin babu kowa. Abin da ya same ka ke nan tsakanin zuwanka na farko da na biyu. Bambancin da ka gani tsakanin ofisoshin uku kuwa, wani ɓangarensa ladan da kowa ya ɗora ne, wani kuma wataƙila ba kashi ɗaya suka duba maka ba.

Daga nan akwai wani abu da ya shafe ku kai tsaye, tunda ku uku ne. Idan aka nemi kujera uku a lokaci guda, alhali saura biyu a kashi mai araha, kwamfutar ba za ta ba ku biyu masu araha da ɗaya mai tsada ba. Dukanku za ta mayar kashin sama. Saboda haka ka sa a duba farashin mutum ɗaya, sannan na biyu, sannan na uku. Idan ka ga bambanci, a yanka wa mahaifiyarku da ƙanwarka tare, kai a yanka maka naka dabam a jirgi guda. Kada dai a bar dattijuwar ita kaɗai a rajista, wato jerin sunayen da aka kama wa wuri tare, domin idan kamfani ya sauya jirgi, waɗanda ke rajista ɗaya su ake ɗauka tare.

Dalili na biyu na hawan farashi shi ne canji. Tikitin ƙasashen waje da dala ake tsara farashinsa, sannan a juya shi zuwa naira, don haka ko babu kujerar da ta motsa, idan naira ta motsa kuɗin zai motsa. Waɗanda suka yi tafiya a 2022 da 2023 sun ga mafi munin lamarin: kuɗin kamfanonin jiragen waje da suka maƙale a Najeriya saboda ƙarancin dala sun haura dala miliyan 800, kamfanoni da dama suka rufe kasonsu masu araha ga mai biya da naira, Emirates ma ya dakatar da zuwa a 2022, bai dawo Legas ba sai Oktoban 2024. Ga kuma sakin farashin naira da aka yi a watan Yunin 2023. Na kawo wannan ne don kada ka auna kanka da labarin wanda ya saya a wancan lokaci, ko da na wanda ya saya kafinsa.

Game da lokaci, zan faɗa maka gaskiya ko da ba za ta yi daɗi ba. Ranar tafiya ta fi kowace dabara tasiri a farashi, kuma goman ƙarshe na Ramadan shi ne ƙololuwar tsada a hanyar Jidda da Madina, a jirgi da masauki baki ɗaya. Wanda ya dakata yana jiran tikitin goman ƙarshe ya sauko, a iya sanina, tsada yake jira, domin kamfani ya san zai cika jirginsa ko bai yi ragi ba. Idan lallai sai wannan lokaci, a saya da wuri, watanni kafin azumi. Idan kuwa za a iya sassautawa, farkon Ramadan ya fi ƙarshensa sauƙi, kuma falalar da aka ruwaito ta Umara a Ramadan ba a keɓance ta da goman ƙarshe ba, kana iya tuntuɓar malamai su tabbatar maka. A wajen azumi, lokacin da cinkoso ya fi raguwa shi ne bayan an watse daga Hajji, wato Muharram da Safar, sai dai a shekarun nan watannin suna faɗowa cikin tsananin zafin Saudiyya, wanda ba zan so wa mai shekara saba'in ba. Ni da zan zaɓa mata, Oktoba ko Nuwamba zan duba, bayan Maulidi kuma kafin hutun makarantu na Disamba.

Hajiya 'Yar Kasuwa ta amsa:

Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba mu 'ya'ya masu tunawa da iyaye. Bayanin Alhaji ya wadatar a kan farashi. Ni zan yi magana ne a kan tikitin da ƙanwarka ta gani a waya, domin irinsa ya taɓa cin kuɗina.

Wata shekara na ga tikiti mai araha ƙwarai a wani shafi, na biya ban karanta ƙananan rubutun ba. Ashe tikiti biyu ne na kamfanoni biyu da ba su da wata yarjejeniya a tsakaninsu, shafin ne kawai ya liƙa su. Jirgin farko ya yi jinkirin sa'a uku, muka sauka na biyun ya riga ya tashi. Na je teburin kamfanin na biyu, matar da ke wurin ta duba takardata ta ce a wurinsu ni fasinja ce da ba ta zo ba, babu ruwansu da jinkirin wani kamfani. Na kwana a kan kujerar ƙarfe, jakar hannuna a matsayin matashi, gari ya waye na sayi sabon tikiti a farashin ranar, wanda ya cinye ragin da na samu har ya ɗora. Da a tikiti ɗaya aka haɗa tafiyar, nauyin kamfani ne ya sa ni a jirgi na gaba ba tare da na ƙara ko kwabo ba, kuma kayana za su wuce kai tsaye ba sai na karɓa na sake awo ba. Yada zango ba laifi ba ne, mutanen Kano da yawa suna bi ta Alƙahira da EgyptAir, ko ta Adis Ababa da jirgin Habasha, ko ta Doha da Qatar Airways, kuma sau da yawa ya fi na kai tsaye sauƙi. Sharaɗin dai shi ne tikiti ɗaya daga Kano har inda za a sauka.

Ko da tikiti ɗaya ne, ka dubi tsawon jiran da idon mahaifiyarka, ba da naka ba. Sa'a uku ko huɗu tana iya jurewa. Sa'a goma sha biyu a filin jirgi, ga sanyin na'ura, ga banɗaki mai nisa, ga gwiwa, wannan ragin da jikinta za a biya shi, kuma ta isa Makka ba ta da ƙarfin ɗawafi. Wasu kamfanonin suna ba da otal kyauta idan jiran ya kai sa'a takwas, bisa wasu sharuɗɗa, amma ka tambaya a tabbatar maka kafin ka biya. Jira gajere ƙwarai ma ba naku ba ne, domin tsohuwa ba za ta yi gudu daga wannan ƙofa zuwa waccan ba.

Sannan ka tambayi kilo. Tikitin da aka saba a hanyar nan jaka biyu ne, kowace kilo 23, amma akwai masu araha da jaka ɗaya kawai suke bayarwa, wasu ma babu ko ɗaya sai ta hannu. A tafiya ba za ku ji ba, a dawowa ne za ku gane, idan dabino da sallaya da carbi da jallabiyoyin jikoki suka hau ma'auni, domin babu dattijuwar da za ta dawo daga Makka hannu rabbana. Kuɗin ƙarin kaya a bakin awo ya fi tsada a kan wanda aka saya tun a gida. Ka kuma tambaya ko galan ɗin zamzam mai lita 5 yana cikin kilon ko a wajensa yake.

Abu biyu na ƙarshe. Ka sa a rubuta mata buƙatar keken turawa tun lokacin yankar tikiti; kyauta ne, kuma ma'aikaci zai tura ta har bakin jirgi, a wurin yada zango ma haka. Ka kuma sa a duba muku sauka a Madina, dawowa ta Jidda. Bambancin kuɗin sau da yawa kaɗan ne, an rage muku tafiyar mota guda mai tsawon fiye da kilomita 400, kuma ba sai kun ɗauki harami a jirgi ba, sai kun huta a Madina ku ɗauka a miƙatin Zul Hulaifa cikin natsuwa.

Ɗalibi a Alƙahira ya amsa:

Malam, barka da ƙoƙari. Ni kusan kowace shekara ina bin hanyar Kano da Alƙahira, kuma da kaina nake saya. Ka buɗe Google Flights ko Skyscanner, shafukan da ke kwatanta farashin tikiti na kamfanoni daban-daban, ka sa Kano zuwa Madina ko Jidda, sannan ka buɗe kalandar da ke nuna farashin kowace rana ta wata. A nan za ka ga da idonka cewa matsar da tafiya da kwana ɗaya ko biyu yana iya rage kuɗi sosai, musamman tunda ba kullum kowane kamfani yake tashi daga Kano ba. Akwai kuma wurin da za ka kunna a riƙa aiko maka da saƙo duk lokacin da farashin ya sauya. Idan ka ga wanda ya yi maka, ka shiga shafin kamfanin jirgin da kansa ka gwada, kada ka biya a shafin da ba ka san sunansa ba.

Ka gwada sa Abuja a madadin Kano, domin jirage sun fi yawa a can, gasa ta fi zafi, wani lokaci farashin ya fi sauƙi. Abokaina kuma suna cewa a riƙa bincike a ɓoyayyen shafi na burauza, wai idan kamfani ya ga kana yawan duba hanya ɗaya sai ya ƙara maka kuɗi, kuma wai daren Talata ne tikiti ya fi araha. Ni ma haka nake yi, ko da yake ban taɓa zama na gwada na ga bambancin ba. Baba mai yankar tikiti zai fi mu sani.

Tsohon Mai Yankar Tikiti ya sake amsawa:

Ɗana, shawararka ta kalanda ita ce mafi amfani, kuma ko wanda zai saya a hannun ejan ya kamata ya duba ta tukuna, domin wanda ya shiga ofis da rana da lambar jirgi da farashi a hannunsa ba a yi masa ciniki irin na baƙo. Maganar ɓoyayyen shafi kuwa ban yarda da ita ba. Abin da mutane suke gani shi ne kashi mai araha ya rufe tsakanin dubawa ta farko da ta biyu, ko kuma shafin ya nuna tsohon farashi da ya ajiye, sai ya sabunta idan an zo biya. Daren Talata ma haka: kwamfutocin nan dare da rana suke sauya farashi, ba su da ranar kasuwa. Ranar da za a tashi ita ce ke da tasiri, ba ranar makon da aka biya ba.

Abuja kuma a yi mata lissafi cikakke. Ku uku ne, akwai kuɗin mota ko na jirgin cikin gida zuwa da dawowa, akwai yiwuwar kwana a can, ga hanya mai fiye da kilomita 400 da mai ciwon gwiwa. Ga ɗalibi mai jakar goyo riba ce, ga Malam sai ragin ya yi yawa ƙwarai kafin ya biya wahalar.

Malam, ka tambayi wanne ya fi aminci. A tafiyar Umara ta farko da dattijuwa, ni ejan zan bi, amma mai ofis, mai rajistar IATA, wato ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, kuma idan shi zai yi muku biza da masauki, mai lasisin hukumar alhazai ta NAHCON. Ko wane ne shi, ka san wannan: takardar da ke ɗauke da sunanka da lambar rajista mai haruffa shida ba tikiti ba ce, kama wuri ne kawai, kuma yana faɗuwa da kansa idan wa'adin biya ya wuce. Na sha ganin mutum ya zo filin jirgin Malam Aminu Kano da jaka da 'yan rakiya, takarda a hannu, a duba a ce babu shi, saboda wanda ya karɓi kuɗinsa bai kai su ba. Tikitin gaskiya yana da lamba mai alƙaluma 13, ukun farko na kamfanin ne: 077 na EgyptAir, 071 na jirgin Habasha, 157 na Qatar Airways, 065 na Saudia. Kowane ɗayanku da lambarsa. Kafin ka tashi daga ofishin, ka shiga shafin kamfanin a wayarka, ka sa lambar rajistar da sunan mahaifi, ka ga tikitin da idonka.

A duba sunaye harafi da harafi daidai da fasfo, domin Muhammad da Mohammed a wurin kwamfuta mutum biyu ne, gyara kuma kuɗi ne. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida. Ka kuma tambayi tarar sauya rana da abin da za a mayar idan an fasa. Kashi mafi araha galibi shi ne mafi tsaurin sharaɗi, mai tafiya da tsohuwa kuwa bai san ranar da jiki zai ƙi ba, don haka ɗan ƙarin da zai ba ku damar sauya rana ba asara ba ne. Idan wani uzuri ya taso, a sanar da kamfani kafin jirgi ya tashi, domin wanda bai hau jirgin zuwa ba kuma bai sanar ba, ana soke masa na dawowa ma.

Malamin Sakandare ya rubuta:

Alhaji, Hajiya, da ƙanena na Alƙahira, Allah ya saka muku da alheri. Mun zauna da ƙanwata mun buɗe kalandar, kuma tikitin da ta gani da farko ya tabbata irin wanda Hajiya ta kwatanta ne: kamfanoni biyu, babu jakar awo, ga jiran da ya kusa kwana. Da muka ƙara masa kuɗin jaka biyu ga kowa, sai ya zo dab da farashin ejan, muka ajiye shi.

Na kai wa mahaifiyarmu maganar watanni. Ban ce mata kuɗi ba za su kai ba, na dai karanta mata abin da aka rubuta a kan cinkoso da zafi da gwiwarta. Ta yi shiru na ɗan lokaci tana jan carbi, sannan ta tambaya ko a Nuwamba za ta samu ta yi sallah a Rauda ba tare da an ture ta ba. Na ce za mu nema mata lokaci ta manhajar Nusuk kamar yadda ake yi. Ta ce to a yi hakan, azumi ta yi shi a ɗakinta.

Jiya na koma ofishin da rana biyu a rubuce, na nemi a duba mutum ɗaya, biyu, sannan uku, a kuma duba sauka Madina da dawowa ta Jidda. A rana ta farko farashin bai sauya ba, a ta biyu kuwa kujera biyu ce ta rage a kashi mai araha, kamar yadda Alhaji ya faɗa. An kama mana wuri, ya ce wa'adin biya zai cika gobe da yamma, kuma na gaya masa ba zan bar ofishin ba sai na ga lambobi uku masu alƙaluma 13. Saura abu ɗaya, Alhaji: fasfon ƙanwata zai ƙare wata bakwai bayan ranar tafiyar. Mu yanka da shi haka, ko ta sabunta tukuna a sauya lambar fasfon a rajistar daga baya?